Buhu Bakwai Marasa Shaida

Daura,
5 ga Agusta.

Zuwa ga taubashina Dokta Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Haulatu da yara. Mu nan lafiya lau, sai ƙafata ta hagu da ke tuna mini shekaruna duk sanda hadari ya haɗo. Ruwa ya zauna, gero ya fara fitar da kai a gonarmu ta ƙauyen Babban Mutum. Maiɗakina Maimuna tana gaishe ku.

Ka ga na koma takarda. Wayar da muka yi ranar Juma'a ba ta yi mana rana ba. Kana ɗaga murya ina ɗagawa, har Maimuna ta leƙo ta ga ko dambe nake da wani. Takarda kuwa ba ta katse mutum. Kuma ko da yake a aji uku na sakandare na tsaya, rubutun hannuna ya fi naka kyau, kai ma ka sani. Mati, direban da ke kai mini shanu kudu, ta ƙofar jami'arku yake wucewa, shi zai riƙa miƙa maka.

Maganar dai ta Ikilima ce. Saura jarrabawa ɗaya 'yata ta zama likitar dabbobi, kuka rufe makaranta. Yau wata uku ke nan. Jakarta tana nan a bakin ƙofar ɗakinta, ta ƙi kwance ta. Da wani ne shugaban ƙungiyar malaman jami'arku da na yi shiru. To kai ne Ciyaman, kai ke zama da hukumar makaranta kuna ciniki.

Shekara talatin da huɗu ina cinikin shanu a kasuwar Mai'adua. Da igiya ɗaya na fara, ta aro, ba wanda ya ɗora ni. Saboda haka in ana maganar ciniki ka saurare ni. In an taya maka sa farashin bai yi ba, ka ce albarka, ka riƙe igiyarka, ba laifi. Amma ban taɓa ganin mai hankalin da ya hana san ciyawa da ruwa don ana ciniki ba. Yaran nan su ne ke ramewa a hannunku. Ka rage kaɗan, su ƙara kaɗan, ka sallama, kowa ya kama gabansa.

Naka,
Alhaji Sha'aban Ɗantsoho.

*

Gidajen Malamai,
10 ga Agusta.

Yaya Sha'aban,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, kuma na yarda rubutun ya fi nawa. Muna lafiya. Ka riƙa shafa wa ƙafar nan magani, ka daina tsayuwar wuni a kara.

Tun da da harshen kasuwa ka zo, bari in amsa da shi. Mun riga mun sallama, Yaya, shekara huɗu da suka wuce. An zauna, an yi yarjejeniya, kowa ya sa hannu. Mai saye ya ja san ya tafi, har yau muna jiran cika alkawari. Kuma ba albashi kaɗai ke cikinta ba. Ka tambayi Ikilima mutum nawa ke layi a kan madubin duba ƙwayar cuta guda ɗaya a ɗakin gwajinsu, ka tambaye ta yaushe rabon ta ga wuta a can.

Abu na biyu, san ba nawa ba ne. Ni dillali ne kawai, na mutum ɗari shida. Duk abin da hukuma ta taya, sai na koma babban taron 'yan ƙungiya na karanta musu. In sun ce albarka, albarka zan koma in faɗa. Ba ni da ikon cewa na sallama ni kaɗai, ko don Ikilima, wadda ka san tamkar 'yar cikina take.

Kada ka ɗauka daɗi muke ji. Tun watan da muka fara aka tsayar da albashinmu. Haulatu ta koma auna garin tuwo da gwangwanin madara. Ban faɗa don ka yi wani abu ba, na faɗa don ka san ba ɗalibai kaɗai ke ramewa ba.

Taubashinka,
Abdulbaƙi.

*

Daura,
13 ga Agusta.

Dokta,

Salamu alaikum. Lafiyarmu ƙalau, ƙafa ta yi sauƙi ba tare da shawararka ba.

Na karanta inda ka ce ba ka faɗa don in yi wani abu ba. Wa ya ce maka zan yi? Ku kuka zaɓi yunwar nan da hannunku, har ƙuri'a na ji kun kaɗa mata. To ka ji da kyau: wallahi muddin 'yata tana zaune a gida, ƙwayar gero ɗaya ba za ta fita daga rumbuna ta shiga gidan mai yajin aiki ba. Na rantse, kuma ka san ni.

Na tambayi Ikilima maganar madubin. Ta ce su arba'in da biyu ne. Wannan bai canja komai ba.

A gaida Haulatu. Ita ba ruwanta.

Sha'aban.

*

Gidajen Malamai,
29 ga Agusta.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na yi shiru kwana biyu don in bar fushinka ya huce. Yau na rubuto ne saboda ba ni da wanda zan faɗa wa wannan sai kai.

Shekaranjiya Talata muke da zama da shugaban majalisar gudanarwar jami'a, ƙarfe goma na safe. Ka san shi ma mutumin ƙasar Daura ne. Wajen ƙarfe takwas, abokan aikina biyar suna ƙofar gidana za mu tafi tare, sai ga a-kori-kura ta tsaya. Direban, wanda ban taɓa gani ba, ya sauke buhu bakwai, biyar gero biyu wake, sababbin buhuna babu shaidar kowa a jiki. Na ce daga ina? Ya ce, a gaban kowa, "Wani Alhaji ne daga Daura ya ce a gaida Ciyaman." Ya ja motarsa.

Yaya, da ka ga fuskokin mutanen nan. A zaman ranar kuwa hukuma ta kawo tayi, na ce zan kai wa taro kamar yadda aka saba. Kafin la'asar magana ta zaga makaranta: an saye Ciyaman da gero. Farfesa Mahdi, dattijon da ya koya mini aikin ƙungiya, ya dube ni ya ce, "Abdulbaƙi, buhu bakwai kacal?"

Ban buɗe ko ɗaya ba. Na sa an kwashe su zuwa ofishin ƙungiya an kulle. Haulatu tana kallo aka fita da su. An sa ranar Asabar sha huɗu ga Satumba za a yi taro a kaina. Kujerar ba ta dame ni ba. Sunana nake ji.

Kai ka san mutanen Daura. Ka bincika mini a hankali, ko wani na kusa da shugaban majalisar nan ya sayi hatsi da yawa kwanan nan.

Abdulbaƙi.

*

Daura,
2 ga Satumba.

Dokta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Jiya kasuwa ta yi kyau, na sayar da bijimai shida.

Na karanta takardarka har sau biyu, ban ga abin tashin hankali ba. Ku 'yan boko kun iya mayar da ƙaramin abu babba. Mutum ya ga iyali cikin matsi ya aiko da hatsi, bai so a san shi ba, shi ke nan sai a kira taro? A garinmu godiya ake yi. Wataƙila ma mutumin kirki ne ƙwarai, irin waɗanda ba su son a yabe su.

Shawarata, ka je ka kwaso buhunan nan ka kai wa Haulatu. Wake ba ya son ajiya a damina. Ku ci abinku, ka yi shiru, surutu zai mutu da kansa. Shi kuma Farfesan da ke cewa bakwai kacal, ya san nawa buhun gero yake a watan nan?

Bincike kuwa, ba ni da lokacinsa.

Sha'aban.

*

Gidajen Malamai,
5 ga Satumba.

Alhaji,

Salamu alaikum. Mun gode Allah.

Ban zaci haka daga gare ka ba. Da bakinka kake ce mini in ci in yi shiru. Na ɗauka ko duniya duka ta ce in karɓa, kai za ka ce kada in taɓa.

Tun ina yaro kake ba mu labarin Kabo dillali, wanda aka ce ya karɓi na goro a hannun mai saye ta bayan mai shanu. Ka ce ba a taɓa tabbatarwa ba, amma daga ranar ba Bafulatanin da ya sake miƙa masa igiya, har ya mutu yana zaune a gindin bedi yana kallon kasuwa. Kai ka ce mana dillali ba shi da jari sai yardar masu dabba. To ni ne Kabo yau.

Ba zan ƙara damun ka da wannan magana ba. A gaida Maimuna da Ikilima.

Abdulbaƙi.

*

Daura,
11 ga Satumba.

Ƙanena Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum. Lafiyar jiki muna da ita. Takardarka ta kwana biyar a aljihun Mati, motarsa ta lalace a hanya, sai jiya da yamma ta zo hannuna. Ka kira ni Alhaji. Tunda aka haife ka ba ka taɓa kira na haka ba.

Ni na aiko da buhunan.

Na rubuta na ajiye biro na zaga gida sau biyu kafin in ci gaba. Abin da ya faru, tun da ka ambaci gwangwanin madara tuwo ya daina yi mini daɗi. Ga shi na riga na rantse, kuma na faɗa wa mutane a rumfa cewa na rantse. Sai na ce bari in yi yadda ba wanda zai sani. Na sa aka juye hatsin a sababbin buhuna don kada ka ga shaidata, na ɗauko direba daga Mashi wanda bai san ka ba. "A gaida Ciyaman" kuwa tsokana ce irin tamu, na ɗauka wata rana za mu yi dariyarta. Ina zan san ranar kuke da zama, kuma da mutumin Daura?

Da takardarka ta farko a kan buhunan ta zo na gane na yi ɓarna, amma girman kai ya hana ni faɗa. Na ce bari in lallaɓa ka ka ci, magana ta wuce. Sai da ka ambaci Kabo. Ni na san Kabo, na sha kai masa fura a gindin bedin nan. Na miƙa wa Ikilima takardar, ta karanta, ta dube ni ta ce, "Baba, kai ne ko?" Na ce wa ya gaya miki? Ta ce, "Rumbu ya ragu, kuma kwana goma ke nan ba ka zagi 'yan yajin aiki ba."

Na so in kira ka a waya, na san ba za ka ɗauka ba, ni ma da ni ne ba zan ɗauka ba. Na kuma san takarda ba za ta wanke ka ba, za su ce ɗan'uwansa ne ya rufa masa asiri. Saboda haka ina zuwa da kaina ranar Asabar. Ka nema mini izinin minti biyar a gaban mutanenka. Kada kowa ya taɓa buhunan nan, ko ɗinkin bakinsu kada a kwance. Wannan shi ne mafi muhimmanci.

Yayanka mai laifi,
Sha'aban.

*

Daura,
16 ga Satumba.

Dokta,

Salamu alaikum. Na iso gida lafiya ranar Asabar ana kiran magariba. Ka ba Haulatu haƙuri ban tsaya cin abinci ba, washegari kasuwa ce. Wannan takarda ka karanta mata ita duka, tunda ba ta wurin, kuma na san in kai za ka ba da labarin sai ka rage nawa.

Haulatu, ɗakin taron nan ya fi masallacin unguwarmu girma, ya cika har baranda. Ni da na tsaya gaban manyan fatake daga Nijar har Legas ban taɓa fuskantar taro irin wannan ba sai ranar. Na sa babbar rigata mai aska takwas. Aka ba ni abin magana, na ce ni Turancina na aji uku ne, da Hausa zan yi, wanda bai ji ba maƙwabcinsa ya fassara masa. Na faɗi sunana da sana'ata, na ce hatsin nawa ne, na faɗi dalili, har rantsuwar ban ɓoye ba.

Sai wani dattijo mai furfura da tabarau ya miƙe. Tun kafin a faɗa mini na san shi ne Farfesa Mahdi. Ya ce, "Alhaji, da girmamawa, kowa zai iya shigowa ya ce nasa ne. Buhunan ba su da shaida. Mene ne hujjarka?"

Na ce, "Malam, tambayarka ta yi kyau, da kai dillali ne da ka ci abinci. Wa ke riƙe da makullin inda aka ajiye su?"

Ya ce, "Ni."

Na ce, "To madalla. A kawo su. Ka zaɓi wanda ka ga dama, ka farke bakin da hannunka, ka zura hannu har gwiwar hannu. Za ka taɓo ƙullin tsumma, a ciki barkono busasshe guda bakwai da ganyen bedi. In ba ka samu ba, ku kore ni ku kore shi."

Haulatu, wannan dabarar Iya ce, kakata, yayar kakan mijinki. Haka take yi wa kowane buhu a Babban Mutum saboda ƙwari, ni ma ban taɓa ɗinke buhu ba tare da shi ba. Na canja buhu don in ɓoye kaina, amma hannuna bai san ana ɓuya ba.

Farfesa ya naɗe hannun riga ya zura. Ya lalubo, ya lalubo, ni kuwa ina cewa a raina kada dai a ce wannan ne na manta. Sai ga shi ya zaro ƙulli. Ya kwance ya ƙirga barkonon ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba jarrabawa. Bai yarda ba sai da ya buɗe na biyu da na uku. A na ukun ya sosa ido da hannun, sai atishawa da hawaye, ɗaki ya kwashe da dariya. Mijinki kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya ɗauki tsumma ɗaya yana jujjuya shi, ya kasa ɗago kai.

Da na ga sun saki jiki sai na ƙara musu da abin da ba su tambaya ba. Na ce ni har yanzu ina kan bakana, a buɗe makaranta, 'yata tana gida. Amma dillalinku na gwada shi da kaina ban sani ba: iyalinsa na auna gari da gwangwani, aka ajiye masa buhu bakwai a ƙofa, bai kwance ko zare ba. In kuna da wanda ya fi shi ku kawo, in ba ku so ku ba ni shi, gobe Lahadi ina da aikinsa a Mai'adua.

Daga nan aka ce wanda ba ɗan ƙungiya ba ya fita za a kaɗa ƙuri'a. Na fita na kama hanya. Ba tambaya nake ba, amma Ikilima tana son ta san yadda aka ƙare.

Sha'aban.

*

Gidajen Malamai,
18 ga Satumba.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kuma mun ƙoshi. Na karanta wa Haulatu duka, ban rage ko wasali ba. Na ma ƙara mata da abin da ka manta ka rubuta, cewa abin maganar a juye ka riƙe shi da farko.

Ka gaya wa Ikilima, tunda ita ce mai son sani: mutum huɗu ne kawai suka ce a cire ni. Farfesa Mahdi da kansa ya kawo shawarar a bar ni, ido jajur, ya kuma nemi gafarata a gaban kowa. An raba hatsin da kwano, aka fara da ƙananan malamai. Mu ma mun sami namu. Farfesa ya ce in tambaye ka ko dole ne barkonon ya zama bakwai.

Tsumman yana cikin aljihuna. Da na shinshina shi sai na ga ɗakin Iya, da ranar da ka goya ni daga gona saboda ƙaya ta soke ni. Na yafe maka, amma ban gama ba, sai na zo Daura.

Taron ya ce albarka ga tayin hukuma. Talata zan koma teburin. Ba zan yi maka alkawarin rana ba, Yaya, amma sun fara matsowa, kuma gyaran ɗakunan gwaji na sa a gaba.

Ƙanenka,
Abdulbaƙi.

*

Daura,
23 ga Satumba.

Ciyaman,

Salamu alaikum. Lafiya lau, an fara girbi a Babban Mutum. Ka ce wa Farfesa bakwai ne, kada ya kawo mini bincike.

Jakar Ikilima tana nan inda take. Ranar Talata in sun matso kada ka yi saurin murmushi, mai saye yana kallon fuska. Ka dubi ƙasa, ka yi kamar za ka tashi.

Saura maganar rantsuwa. Na je wurin limamin unguwarmu na faɗa masa na karya. Ya ce kaffara ita ce in ciyar da miskinai goma. Na ce, "Malam, malaman jami'a da suka yi wata huɗu ba albashi fa, sun shiga?" Ya shafa gemu, ya ce, "Sun shiga."

To ga Mati nan da buhu goma. Ka zaɓo miskinan da kanka, ka sa Farfesa a farko. Kowane buhu na rubuta sunana a jiki da jan fenti, gaba da baya, har da lambar wayata.

Yayanka,
Alhaji Sha'aban Ɗantsoho.